Ina zan riƙa bin labarin wayoyin aiki da dabarun kasuwanci ta waya?

"Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a sashen kwamfuta na wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano. Kwanan nan aka ɗora mini kula da wayoyin da 'yan tallanmu da direbobi suke aiki da su. Sun haura ɗari, wasu na kamfani ne, wasu kuma nasu ne na kansu. Shugabanmu yana so in riƙa ba shi shawara kan yadda za mu ci gajiyar waya a kasuwancinmu. Amma duk abin da na nema a intanet sai in tarar talla ce. Waɗanne shafuka ne mutum zai riƙa bi ya san inda aka kwana a wannan fanni?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya taya ka riƙo. Tambayarka biyu ce a haɗe, kuma gara mu raba su tun yanzu, domin inda ake samun amsar ɗaya ba nan ake samun ta ɗayar ba. Ta farko ita ce kula da wayoyin kansu: yadda za a yi musu rajista, a tura musu manhajar aiki, a raba bayanan kamfani da hotunan iyalin ma'aikaci, a kulle ko a goge wayar da ta ɓata. Manhajojin da ke wannan aiki da farko MDM ake ce musu, daga baya aka koma cewa EMM, yanzu kuma UEM tun da aka haɗa da kwamfutoci. Ka riƙe waɗannan haruffa, da su za ka yi bincike. Ta biyu ita ce ta shugabanku: a ina waya za ta kawo wa kamfani kuɗi, ko ta rage masa asara? Takardun masu ƙera manhajar waya ne ke amsa ta farko. Ta biyu kuwa sai da alƙaluma, da sanarwar hukumomi, da labarin waɗanda suka riga ku gwadawa.

Kafin ka buɗe shafi ko ɗaya, akwai aikin da nake sa duk wanda ya zo mini da irin wannan tambaya ya fara yi. Ka tara wayoyin nan a jadawali guda: kamfanin da ya ƙera kowace, samfurinta, Android na nawa take ɗauke da shi, yawan RAM ɗinta, ranar da ta karɓi facin tsaro (wato gyaran da ake turowa don toshe ɓarakar tsaro) na ƙarshe, wa ya mallake ta, kuma layin da ke ciki da sunan wa aka yi masa rajista. Ranar facin tana nan a saitin waya, a sashen bayanin wayar. Wannan jadawali shi zai gaya maka abin da ya shafe ka cikin tulin labaran da ke fitowa kullum. Wanda wayoyinsa kusan duka Tecno ne da Infinix da itel, ba shi da dalilin ɓata yini kan sabon tsarin iPhone, komai daɗin labarin.

Me ya sa talla ta yi yawa?

Zamanin da BlackBerry ke tashe, abin da sauƙi. Kamfani ɗaya ke yin wayar, shi ke yin manhajar da ake kula da ita daga ofis, kuma ma'aikaci ba ya zuwa da tasa. Fitowar iPhone a 2007, da Android a bayanta, ita ta rusa wannan tsari: ma'aikata suka fara zuwa da wayoyinsu suna neman a saka musu imel ɗin ofis. A 2010 Apple ya buɗe hanyar da za a riƙa sarrafa wayoyinsa daga nesa, sai ƙananan kamfanoni suka yi ta ɓullowa suna sayar da manhajar yin hakan. Ba a jima ba manya suka hau haɗiye su. IBM ya sayi Fiberlink, masu MaaS360, a 2013. VMware ya sayi AirWatch a 2014 kan dala biliyan 1.5 da 'yan kai. BlackBerry ya sayi Good Technology a 2015, Ivanti ya sayi MobileIron a 2020. Shi kansa VMware ɗin Broadcom ya saye shi a ƙarshen 2023, sannan a 2024 aka sayar wa kamfanin zuba jari na KKR sashen da ke kula da na'urori, ya koma amsa sunan Omnissa. Tsofaffin wayoyin BlackBerry kuwa an yanke musu sabis tun 4 ga Janairun 2022.

Na kawo wannan tarihi ne saboda abu biyu. Kasuwa ce mai cunkoso, kowa yana neman kwastoma, don haka yawancin rubutun da ke fitowa a shafin farko na Google sashen talla na waɗannan kamfanoni ne ya rubuta shi. Tambayar dillali wane atamfa ya fi kyau ba laifi ba ne, amma ka san na shagon da yake ci a ciki zai nuna maka. Na biyun ya fi muhimmanci: duk waɗannan manhajoji, tsadaddu da masu araha, ba sa iya yin komai a kan waya sai abin da Google ko Apple suka ba su ƙofar yi. Idan Google bai bari a ga hotunan ma'aikaci daga sashen aiki ba, babu ɗan tallan da zai iya ba ka wannan, ko da ya rantse. Saboda haka wanda ya san takardun Google da Apple ya riga ya san rabin abin da kowane mai sayarwa zai faɗa, ya kuma san inda ya ƙara gishiri.

Shafukan masu abin

A wurinka Android ne gaba. Google yana da cibiyar taimako ta Android Enterprise, kyauta, kuma abin da za ka fara fahimta a can shi ne hanyoyin riƙe waya. Akwai wadda suke kira Work Profile, inda ake buɗe wani sashe na aiki a cikin wayar ma'aikaci. Kamfani yana da iko a kan sashen kawai, idan mutum ya bar aiki a goge sashen, sauran kayansa suna nan. Akwai wayar da kamfani ya mallaka yake juya ta gaba ɗaya. Akwai wadda ake kullewa a kan manhaja ɗaya ko biyu, irin wadda za ka ba direba don ya riƙa nuna ya sauke kaya. Akwai kuma ta kamfani da aka bar wa ma'aikaci ɗan sarari na kansa. Rabon wayoyinku a kan waɗannan hanyoyi huɗu shi ne babbar shawarar da za ka yanke, kuma ta riga zaɓen manhaja.

Ka kula da kwanan watan duk abin da ka karanta a nan. Akwai tsohuwar hanya da ake kira Device Admin, wadda Google ya sanar zai yi watsi da ita tun ƙarshen 2017, kuma daga Android 10 na 2019 aka datse mata fukafukai. Har yau intanet cike take da bayanan da ke koyar da ita kamar tana raye. Na sha tarar da ma'aikata masu ƙwazo sun bi irin wannan bayani daki-daki, sannan suna mamakin yadda umarnin da suka tura bai hau kan sababbin wayoyi ba.

Sai jerin wayoyin da Google yake kira Android Enterprise Recommended, wanda ya fara a 2018. Wayar da ke ciki ta cika wasu sharuɗɗa, kuma mai ƙera ta ya bayyana tsawon lokacin da zai riƙa turo mata faci. Ka duba shi duk lokacin da za a sayi sababbin wayoyi, domin tsawon wannan lokaci shi ne ainihin shekarun wayar a wurin aiki. Google ya yi alƙawarin shekara bakwai ga Pixel 8 a 2023, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a 2024, amma wayoyi masu araha ba sa kusantar haka. Ba ina cewa kada ku sayi masu araha ba. Kamfanin da ke da 'yan talla ɗari ba zai raba musu wayar miliyan ba. Ina cewa ne ku saya kuna sane da ranar da za ta daina karɓar gyara.

Bayan shafukan Google, wanda na fi komawa a kai a kai shi ne bayton.org, na Jason Bayton, wani ƙwararre a Birtaniya da ya daɗe yana rubutu kan Android Enterprise. Yana bayanin abin da takardun Google suka dunƙule, yana kuma faɗin inda abu ba ya aiki yadda aka rubuta. Irin waɗannan wurare ne ake tsintar ƙananan bayanai masu ceton lokaci. Misali, rajistar da ake yi wa waya tun daga masana'anta, wadda ake kira zero-touch, ba ta yiwuwa sai an sayi wayar daga dillalin da ke cikin shirin. Wayar da aka sayo a kasuwar waya ta Farm Centre ba ta ciki. Amma idan ka mayar da ita sabuwa fil, ka taɓa allon maraba sau shida, za ta buɗe kyamara ta karanta lambar QR, ta shiga hannun kamfani. Haka kuma da yawa daga ƙananan wayoyi masu Android Go, wato Android da aka rage wa nauyi, ba sa ɗaukar sashen aiki sam, abin da ya kamata ka sani kafin ka yi wa shugabanku alƙawari.

Wani ƙaramin shafi da mutane ba sa ambatawa shi ne dontkillmyapp.com. Masu ƙera waya da dama suna saka tsarin tattalin batir da ke kashe manhajar da ke aiki a bayan fage. Idan manhajar ɗaukar oda ta daina turo bayani da zarar ɗan talla ya saka wayar a aljihu, sau da yawa wannan ne dalili, ba wai yaron ya kashe data ba. Shafin ya jera kamfanoni ɗaya bayan ɗaya da saitin da za a gyara. Kafin a zargi ma'aikaci da ha'inci, a leƙa can.

Na Apple ba zan tsawaita ba, tunda wataƙila manyan ofis ne kawai ke riƙe da iPhone. Littafinsu na Apple Platform Deployment da na Apple Platform Security suna nan kyauta, kuma an tsara su da kyau. Shirin Apple na yi wa na'urorin kamfani rajista kuwa, akwai shafin da ke jera ƙasashen da yake aiki, ka duba shi kafin ka gina wani tsari a kansa. Idan kuna da wayoyin Samsung da yawa, takardun Knox, tsarinsa na tsaro da kula da wayoyin aiki, sun cancanci karatu, domin Samsung yana ƙara wasu iko a kan na Google.

Sannan ka bincika abin da kuka riga kuka biya. Idan imel ɗin kamfaninku na Microsoft 365 ne, wasu lasisin irin su Business Premium suna zuwa da Intune, manhajar Microsoft ta kula da na'urori, a ciki. Idan na Google Workspace ne, shi ma yana da nasa tsarin kula da na'urori. A shafin Microsoft Learn akwai shafi mai suna What's new in Microsoft Intune da ake sabuntawa a kai a kai, da wani na abubuwan da ke tafe. Wanda ke amfani da Intune bai karanta waɗannan biyu ba, kullum canji zai riƙa zo masa ba zata.

Tsaro

Nan ne nake so ka fi sa ido, domin labarin dabara yana iya jira mako guda, na ɓarakar tsaro ba ya jira. Tun bayan ɓarakar Stagefright ta 2015, Google yake fitar da Android Security Bulletin kowane wata. Ba sai ka fahimci kowane layi ba. Ka duba ko an ce ana riga ana amfani da wata ɓaraka wajen kutse, sannan ka gwada ranar facin da ke jadawalinka. Apple ma yana da shafin da yake jera duk sabuntawar tsaro da ya fitar.

Hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, tana da wani jeri da ta fara a Nuwamban 2021, ana kiransa KEV, na ɓarakar da aka tabbatar masu kutse suna amfani da su. Amfaninsa shi ne ya tace maka dubban ɓaraka ya bar waɗanda wuta ta riga ta kama. Kuma ka sani manhajar kula da wayoyin ita kanta abin hari ce, tunda mabuɗin duk wayoyin yana hannunta. A Yulin 2023 an kutsa wa ma'aikatu 12 na gwamnatin Norway ta wata ɓaraka a manhajar Ivanti EPMM, wadda a da ake kira MobileIron Core. Don haka duk kamfanin da kuka ɗauki manhajarsa, ka yi rajistar karɓar sanarwarsa ta tsaro ranar da kuka sa hannu.

Don rubuta dokar amfani da waya a kamfani, kada ka fara daga farar takarda. Cibiyar NIST ta Amurka tana da takarda mai lamba SP 800-124, gyara na biyu (Rev. 2) ya fito a Mayun 2023, dukanta kan wayoyin aiki. Doguwa ce, amma za ka iya tsallake abin da bai shafe ka ba. Ta cibiyar NCSC ta Birtaniya ta fi gajarta da sauƙin Turanci, kuma ni da ita nake ba sabon shiga shawarar farawa. Idan za ku ba wani kwangilar rubuta muku manhaja, ka nemi ma'aunin tsaron manhajar waya na ƙungiyar OWASP mai suna MASVS ka saka shi cikin yarjejeniya, don a san da me za a auna aikin ranar karɓa. A gida kuma akwai gargaɗin da cibiyar tsaron intanet ta gwamnati, ngCERT, da sashen tsaro na CSIRT na hukumar sadarwa ta NCC suke fitarwa.

Za ka riƙa cin karo da labaran manhajar leƙen asiri ta Pegasus da binciken Citizen Lab na Jami'ar Toronto. Aiki ne mai daraja, kuma yana da muhimmanci ga 'yan jarida da masu fafutuka. Amma a gaskiya ba shi ne ke barazana ga ɗan tallan da ke zagaya shaguna a Kurna ba. Abin da na fi gani a aiki shi ne ƙwacen waya, da sauya layi a ɓoye don a karɓi lambar banki, da manhajar da aka turo ta WhatsApp aka ce a saka, da jabun WhatsApp irin su GB, da manhajojin bashi masu kwashe lambobin da ke cikin waya. Google ya haramta wa manhajojin bashi taɓa lambobi da hotuna daga ƙarshen Mayun 2023, amma dokar ta tsaya ne kan waɗanda ke Play Store. Idan lambobin kwastomominku duka suna cikin wayar ma'aikaci ta kansa, wannan ya isa ya hana ka barci.

Abin da shugabanku yake nema

A ɓangaren dabara, ka fara da ƙungiyar GSMA, wadda ta haɗa kamfanonin sadarwa na duniya. Tana fitar da rahoton Mobile Economy na yankin Afirka, da wani na shekara-shekara kan hada-hadar kuɗi ta waya, duka kyauta. Abu guda da rahotanninta suke nanatawa ya shafe ku kai tsaye: fiye da rabin mutanen Afirka kudu da Sahara suna zaune a inda sabis ɗin intanet ya kai, amma ba sa amfani da shi, saboda tsadar waya, da tsadar data, da rashin iya sarrafa ta. Idan shugabanku ya ce a yi manhajar da masu shaguna za su riƙa yin oda da kansu, tambayar farko ita ce nawa ne cikinsu ke da babbar waya mai sarari, da data, da niyyar saka wata sabuwar manhaja. Mai yiwuwa WhatsApp Business, ko USSD, ko kiran waya kawai, ya fi kai ku inda kuke so. Ka tuna dai GSMA muryar kamfanonin sadarwa ce, idan ta zo maganar haraji da farashi ɓangarensu take.

Hukumar NCC tana wallafa alƙaluman layuka wata-wata a shafinta, har da kason kowane kamfani da yawan masu amfani da 2G, 3G, 4G da 5G. Binciken EFInA kan shigar mutane harkar banki yana raba sakamako shiyya-shiyya, kuma ya sha nuna cewa Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas ne a baya. Wannan ya fi maka amfani a kan jimillar ƙasa, wadda Legas ke ja sama. NIBSS, mai haɗa hada-hadar kuɗi tsakanin bankuna, yana fitar da alƙaluman tura kuɗi da na POS. Don sanin wayoyin da ke shigowa kasuwa akwai taƙaitattun sanarwar IDC da Counterpoint, waɗanda suka daɗe suna nuna Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, a gaba a Afirka. StatCounter yana da sauƙin dubawa, sai dai ziyarar shafukan intanet yake ƙirgawa, don haka mai ƙaramar waya da ba ya lilo ba ya cikin lissafinsa.

Sanarwar hukumomi kuwa ita ce aka fi rainawa, alhali ita ta fi saurin taɓa aljihu. Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin naira a Oktoban 2022. Zuwa farkon 2023 kuɗi ya yi ƙamfa, kamfanonin da suka riga suka tanadi POS da hanyar karɓar tiransifa suka ci gaba da ciniki, sauran suka yi ta kokawa. Umarnin haɗa layi da NIN ya fito a Disambar 2020, daga baya aka yi ta rufe layuka, ciki har da na aiki waɗanda ba a san da sunan wa aka yi musu rajista ba. A Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin farashin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, wanda ya shiga kasafin duk kamfanin da ke saya wa ma'aikata data. Duka ukun an sanar da su a fili kafin su ciji kowa. Sai Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023, da hukumarta NDPC. Bin sawun inda ma'aikaci yake ta wayarsa, da ajiye lambobin kwastomomi, duka suna ƙarƙashinta. 'Yan'uwanmu na Nijar su duba ARCEP da bankin BCEAO, na Ghana kuma NCA da Bank of Ghana.

Don labarin waɗanda suka gwada, ina bin TechCabal, Techpoint Africa da Rest of World. Ka nemi abin da suka rubuta kan kamfanonin da suka shigo harkarku da manhaja, irin su TradeDepot, Omnibiz da Alerzo a Najeriya, da Wasoko ta Kenya da MaxAB ta Masar waɗanda suka haɗe a 2024. Ka karanta labarin lokacin da suka tara kuɗin masu zuba jari, sannan ka karanta na lokacin da wasu a fannin suka rage ma'aikata ko suka janye daga wasu garuruwa. A ganina darasin a bayyane yake: ribar kayan masarufi siririya ce, kuma manhaja ba ta rage kuɗin dizal ko ta karɓo bashi da kanta. Inda waya ke taimakawa shi ne sanin abin da ya rage a sito, rage odar da ake rubutawa ba daidai ba, da sanin wa ake bi nawa. Shugabanku zai fi jin wannan magana a kan kowane kalami na zamani.

Masu sharhi na ƙetare biyu sun isa. Benedict Evans yana da wasiƙar mako-mako da dogon jawabi da yake fitarwa lokaci-lokaci kan inda fasaha ta dosa. Ben Thompson yana rubuta Stratechery tun 2013, yawancinsa na kuɗi ne amma yana sakin wasu kyauta. Ba za su gaya maka abin da za ka yi a kasuwar Singa ba. Abin da ake koya a wurinsu shi ne yadda ake tambaya: wa ke riƙe da kwastoma, wa ke biya, wa zai iya rufe maka ƙofa gobe.

Rahotannin Gartner, Forrester da IDC da ke jera manhajoji a gwada su, suna da amfani idan ka san yadda suke zuwa hannunka. Na kuɗi ne masu tsada. Kamfanin da ya fito da kyau a ciki shi ke sayen izinin raba shi kyauta, ya karɓi lambarka da imel ɗinka a madadin. Sharuɗɗan shiga jerin ma sun fi dacewa da manyan kamfanoni, don haka ƙaramar manhajar da za ta ishe ku tana iya rasa gurbi. Idan ka samu ɗaya, ka wuce zanen da ke nuna matsayin kamfanonin, ka karanta sashen da aka faɗi raunin kowane kamfani.

Yadda za ka bi ba tare da ka nutse ba

Ka saka shafukan da ka zaɓa a manhajar tara labarai irin Feedly ko Inoreader, ka ware musu rabin awa a mako, rana guda tsayayya. Sanarwar tsaro kaɗai ce za ta riƙa shigo maka imel kai tsaye. Shekarar fannin ma tana da lokutanta: taron MWC na Barcelona a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, Google I/O a Mayu, WWDC na Apple a Yuni, sabon iOS a Satumba. Bayan kowane taro ka jira kwana biyu masu aikin su tace abin da ya shafi kamfanoni, ba sai ka ƙona data kan kallon jawabin kai tsaye ba. Idan abu ya cije maka, akwai zaurukan masu sana'ar: na Intune a Reddit, na MacAdmins a Slack, da zauren kwastomomin Android Enterprise. Ka faɗi samfurin waya, da lambar Android, da abin da ka riga ka gwada, za a amsa maka da mutunci. Manhajojin hira na AI suna taimakawa wajen fassara takarda mai wuyar Turanci, amma suna cakuɗa tsohon tsari da sabo, don haka duk saitin da suka ba ka ka tabbatar da shi a shafin masu abin. Ƙarshen wata ka rubuta wa shugabanku shafi ɗaya: me ya canza, me ya shafe mu, me nake so a yanke.

Sai dai duk waɗannan shafuka suna da iyaka, kuma amsata ma tana da ita. An rubuta yawancinsu ne ga ofisoshin da wuta ba ta ɗaukewa, kowane ma'aikaci da wayarsa shi kaɗai, da intanet mai ƙarfi a ko'ina. Ba su yi tunanin wayar da direba da yaron mota suke karɓa-karɓa ba, ko wadda aka kai gyara aka yi mata filashin, ko ma'aikacin da ya musanya tasa a kasuwa ranar Asabar ya zo da wata ranar Litinin. Zaɓen manhajar da ta dace da ku sai wanda ya ga jadawalinku da kasafinku, maganar bin sawun ma'aikata kuma sai an zauna da lauyan kamfani, a kuma rubuta musu dokar da Hausa su karanta kafin su sa hannu. Kusan duk masu sayar da manhajar suna ba da gwaji kyauta na ɗan lokaci. Ka ɗauki waya ɗaya daga kowane samfurin da ya fi yawa a wurinku, har da mafi rauni, ka yi musu rajista, ka ba 'yan tallan da ke bin hanyar da sabis ya fi wahala. Bayan mako biyu ka duba ko oda tana isowa, nawa data ta tafi, ko batir yana kai su la'asar, sannan ka tura wa ɗaya umarnin gogewa ka ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya hau.